Sparky, Chippy da Brickie: Mutunci Ba A Dogon Suna Yake Ba

Duk mai latsa waya ya taɓa cin karo da irin gajeren bidiyon nan da ake jero sunayen da mutanen Ostireliya da Birtaniya ke kiran masu sana'ar hannu da su. Mai aikin wutar lantarki sparky ne, kafinta chippy, birkila brickie, mai raba wasiƙu postie. A Ostireliya mai kwashe shara garbo ne, masu sana'ar hannu kuma a dunƙule tradie ake ce musu. Sai a yi dariya, a rufe da bayani guda: wai mutanen nan ragwaye ne, ƙiwar furta doguwar kalma suke yi, shi ya sa suke gutsure ta. Wasu daga cikinmu kuwa da sun ji sai su ɓata rai, su ce ai wannan raini ne, ta yaya mutum zai shekara huɗu yana koyon sana'a a ƙare da kiransa da suna kamar na 'yar tsana?

Duka bayanan biyu ban yarda da su ba, kuma na biyun ya fi ba ni haushi, domin ya tona wata cuta da ke damunmu. Sunayen nan suna da tarihi, tarihin kuwa na mutanen da suka yi ta fafutuka ne a kan awannin aiki da lada da lasisi, har suka kai matsayin da gajeren suna ba ya rage musu komai. Wanda ya tsaya a kan dariyar, ko ya tsaya a kan jin zafin rainin, ya saki reshe ya kama ganye.

Mu fara da batun ragwancin. Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma matse bayani don ya ci ɗan wuri kaɗan yana cikin abin da aka koya mana tun a jami'a. Ƙa'idar sananniya ce: abin da ake yawan amfani da shi, a ba shi gajeriyar alama. Masanin harshe George Zipf ya nuna tun a 1935 cewa kalmomin da aka fi furtawa su ne suka fi gajarta, sannan a 1952 David Huffman ya fito da dabarar matse bayanai da kwamfuta ke amfani da ita har yau, wadda aka gina a kan irin wannan tunani. To idan ƙiwa ce ta haifi sunayen nan, dole sabon suna ya fi tsohon gajarta. Sai mu ƙirga gaɓoɓi. Tradesman biyu, tradie biyu. Postman biyu, postie biyu. Ba a rage komai ba. Abin ma ya wuce nan: tsohon laƙabin kafinta shi ne chips, gaɓa ɗaya, aka mayar da shi chippy, gaɓa biyu. Sparks gaɓa ɗaya, sparky biyu. Wane irin rago ne wannan da yake ƙara wa bakinsa aiki?

Abin da ke faruwa yana ga ɗafa-ƙeyar da ake liƙa wa kalmar, wato sautin "i" ko "o" na ƙarshe. Anna Wierzbicka, masaniyar harshe 'yar asalin Poland da ta daɗe tana koyarwa a Canberra, ta yi rubutu a kan wannan ɗabi'a ta Turancin Ostireliya, inda ta nuna cewa tana ɗauke da zumunci da ƙin girman kai. Aikin ɗafa-ƙeyar shi ne ta sauko da abu ƙasa, kan tabarmar da kowa ke zaune. Kuma ba ta zaɓen talaka. Ma'aikacin motar asibiti ambo ne, ɗan kwana-kwana firie, ɗan jarida journo, ɗan siyasa kansa pollie ne. Kalmar selfie da duk duniya ke furtawa yanzu, a Ostireliya aka fara ganinta a rubuce a 2002. Idan minista pollie ne, a ina rainin yake don an ce wa mai haɗa wayar wuta sparky?

Asalin sunayen ma ya isa amsa. A zamanin jiragen ruwa na katako, kafintan jirgi mutum ne da ran kowa ke hannunsa. Idan jirgi ya fashe a tsakiyar teku, daga kyaftin har mai wanke kwanuka shi suke kallo. Matuƙan jiragen Birtaniya sai suka riƙa kiransa Chips, wato ɓarɓashin katakon da ke zuba idan yana sassaƙa. Ɓarɓashin nan kuwa ba abin banza ba ne. A wuraren ƙera jiragen yaƙi na gwamnati, ma'aikata suna da 'yancin kwasar guntayen katako su tafi da su gida, suna ɗaukarsa wani ɓangare na ladansu, har sai da hukuma ta soke al'adar a farkon ƙarni na 19 ta maye gurbinta da 'yan kuɗi. Daga teku sunan ya sauko tudu, ya bi kafintoci zuwa wuraren gini. A Birtaniya ta yau chippy yana nufin kafinta, yana kuma nufin shagon da ake sayar da soyayyen kifi da dankali, amma ba wanda ke ruɗewa.

Sparky ma ta teku ya biyo. Na'urorin aika saƙo ba tare da waya ba na farko, irin waɗanda kamfanin Marconi ya saka a jiragen ruwa, da tartsatsin wuta suke aiki. Wuta ce ke tsallakawa tsakanin ƙarafa biyu, tana ƙara tana walƙiya, duk lokacin da aka danna maɓalli. Sai aka riƙa kiran ma'aikacin na'urar Sparks, wato tartsatsi. Irin wannan aiki Jack Phillips da Harold Bride suke yi a jirgin Titanic a daren da ya nutse a 1912, kuma saƙonsu ne ya jawo jirgin Carpathia da ya ceto mutane kimanin 700. Sunan ya kama duk mai hulɗa da wutar lantarki, har yau a wuraren ɗaukar fim na Birtaniya masu kula da fitilu sparks ake kiransu. A Ostireliya malamin makaranta ma ya samu rabonsa, ana ce masa chalkie, saboda ƙurar alli.

Ka duba abin da ya haɗa sunayen nan uku: ɓarɓashi, tartsatsi, ƙurar alli. Duk abin da ke zuba daga jikin aikin ne. Mai gidan da ya zo ya karɓi mukulli bayan an share wuri ba ya ganin ɓarɓashi, ƙofa yake gani. Sai wanda ya tsaya kusa da aikin, yana kaɗe rigarsa, shi ya san da shi. Saboda haka sunayen daga cikin wurin aiki suka fito, abokan aiki ne suka raɗa wa junansu. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Bakano da Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare, suna jifan juna da maganar da idan baƙo ya faɗa sai an yi rigima. Wasan yana yiwuwa ne saboda kowa ya san matsayin ɗan'uwansa ba ya girgiza.

Ko sunan da ya fi kowanne ƙazanta yana kan wannan layi. Kalmar plumber, mai gyaran famfo, daga Latin ta fito, daga plumbum, wato dalma, domin da dalma ake yin bututun ruwa a da. Shi ya sa ɗaliban kimiyya ke rubuta dalma da Pb. Amma a Ostireliya ana tsokanar mai wannan sana'a da dunny diver, ma'ana mai ninƙaya a masai. Dunny shi ne ɗan ɗakin bayan gida da ake ginawa a ƙarshen tsakar gida, kalmar kuma daga wani tsohon karin harshen Ingila ta samo asali. A tsofaffin unguwannin Sydney da Melbourne har yau akwai siraran lunguna a bayan gidaje da aka yanka don mai kwasar bokitin bayan gida ya bi. Unguwannin bayan gari da dama sun zauna a haka har zuwa zamanin Firaminista Gough Whitlam, wanda gwamnatinsa ta 1972 zuwa 1975 ta zuba kuɗi wajen shimfiɗa magudanan ƙazanta. Mai gyaran famfo a can zai amsa wannan suna yana dariya, sannan ya miƙa maka takardar kuɗin aikinsa, dariyar ta koma kansa kai kaɗai. Nan ne gizo ke saƙar.

Don a gane bambanci, a dubi sunan da bai zo da kariya ba. Navvy kalma ce da aka gutsuro daga navigator. A ƙarni na 18 Birtaniya ta shiga haƙa hanyoyin ruwa na jiragen dako, irin ta Bridgewater da aka buɗe a 1761, kuma navigations ake kiran hanyoyin. Leburorin da suka haƙa su da diga da shebur sai suka zama navvies, sunan ya bi su lokacin da suka koma shimfiɗa layin dogo. A bakin masu hannu da shuni na wancan zamani, navvy yana nufin mashayi, mafaɗaci, wanda ake kulle ƙofa idan ya sauka a gari, da yawansu kuma baƙi ne daga Ailan, abin da ya ƙara musu baƙin jini. Sun mutu da yawa a wurare irin ramin jirgin ƙasa na Woodhead da aka gama a 1845, har majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike a kan halin da suke ciki a 1846. Ga ɗafa-ƙeya iri ɗaya da ta chippy, ga gajarta iri ɗaya, amma sunan bai hana a binne su a gefen layi ba. Ashe ba siffar kalma ce ke sa suna ya zama zagi ko zumunci ba. Ƙarfin da ke bayan mai sunan shi ke yanke hukunci.

A Ostireliya an gina wannan ƙarfi ne a hankali, kuma ana iya bin sawunsa da shekaru. Ƙasar da Turawa suka fara mamayewa a 1788 da jiragen fursunoni, aka yi ta kai su har 1868, mutum wajen 160,000. A wurin da ba gida ba hanya, fursunan da ya iya gini ko sassaƙa ya fi ɗan babban gidan da bai iya riƙe guduma ba amfani. Francis Greenway, wanda aka kai shi can saboda laifin jabun takarda, shi ya zana wasu daga cikin tsofaffin gine-ginen Sydney, daga baya har aka saka hotonsa a takardar dala 10. Ƙamus na farko da aka tsara a ƙasar ma wani fursuna ne, James Hardy Vaux, ya rubuta shi a 1812, kuma na zaurancen ɓarayin Landan ne. Harshen ƙasar daga ƙasa ya taso.

Ranar 21 ga Afrilu, 1856, masu sassaƙar dutse da ke aikin ginin Jami'ar Melbourne suka ajiye kayan aiki, suka yi tattaki zuwa majalisa, suna neman aikin awa takwas a rana ba tare da an rage lada ba. Suka kuma samu, suna cikin ma'aikatan farko a duniya da suka cimma haka. A 1907 alƙali H. B. Higgins ya yanke hukuncin da ake kira na Harvester, inda ya ce ladan lebura dole ya ishe shi riƙe mata da 'ya'ya, ya kuma ƙayyade sule bakwai a rana. Masu dako a tashoshin jiragen ruwa, waɗanda ake kira wharfies, sun sha wuya a shekarun 1930, suna jeruwa a wani titin Sydney da suka raɗa wa suna Hungry Mile, wato mil ɗin yunwa, shugaban leburori yana zaɓen ƙarfafa kamar mai sayen shanu a kara. Amma a 1938, a tashar Port Kembla, waɗannan mutane suka ƙi loda ɗanyen ƙarfe a jirgin Dalfram da zai kai shi Japan, domin Japan tana yaƙar Chaina a lokacin. Ministan shari'a Robert Menzies ya matsa musu, su kuma suka laƙaba masa Pig Iron Bob, wato Bob mai ɗanyen ƙarfe. Ya zama firaministan da ya fi kowa daɗewa a tarihin ƙasar, amma sunan bai sake shi ba har ya mutu. Mutanen da ke iya raɗa wa minista suna ya zauna, ba su da fargabar a kira su wharfie.

Yau kuwa sparky a Ostireliya yakan yi kimanin shekara huɗu yana koyon aiki a ƙarƙashin ƙwararre, yana haɗawa da karatu a kwalejin koyon sana'a, galibi irin waɗanda ake kira TAFE, ana kuma biyansa a tsawon lokacin. Sai ya ci jarrabawa a ba shi lasisi. Doka ta hana wanda ba shi da lasisi ya yi wayarin, ko da a gidan kansa ne. A Birtaniya tsarin koyon sana'a ya tsufa ƙwarai: dokar 1563 ta wajabta shekara bakwai, an kafa cibiyar City and Guilds mai ba da takardun shaida a 1878, kuma tun 2009 ba a yarda mutum ya karɓi aikin gyaran kayan gas ba sai sunansa yana cikin rajistar Gas Safe. Wannan shi ne katangar da gajeren sunan ke jingine a jiki. Cire lasisin, cire ƙungiyar, cire ladan, ka bar sunan shi kaɗai, sai sparky ya koma navvy.

Na san abin da za a ce: kana wanke Turawa, kamar babu raini a cikinsu. Akwai, kuma shi ma yana da sunayensa. A Birtaniya ana ce wa maginin da ke cin kuɗin mutane ya yi aikin banza cowboy. Tun ƙarshen shekarun 1990 jaridu suka yayata white van man, mutumin farar motar kaya, hoton ɗan sana'a mai tuƙin ganganci da kaifin baki. Bayan ƙasashen gabashin Turai sun shiga Tarayyar Turai a 2004, sai ga "mai gyaran famfo ɗan Poland" ya zama dodon da 'yan siyasa ke tsorata jama'a da shi a Faransa da Birtaniya. A Ostireliya, da haƙar ma'adinai ta cika aljihun ma'aikata, masu digiri suka fito da cashed-up bogan, wato bagidajen da ya yi kuɗi, sunan da hassada ke ɗiga daga jikinsa. Duk waɗannan daga waje aka jefo su, kuma ba za ka ji ɗan sana'a yana gabatar da kansa da su ba, sai in da gatse. Su ma masu aikin hannu ba su yi shiru ba: ma'aikacin ofis irina suna ce masa shiny bum, wanda zaman kujera ya sa mazaunin wandonsa ƙyalli.

Amma ka lura da farashin rainin a can. A watan Nuwamba na 2014, 'yar majalisa Emily Thornberry ta jam'iyyar Labour ta saka hoton wani gida a yankin Rochester a Twitter, ga tutocin Ingila a rataye, ga farar motar kaya a ƙofa. Ba ta zagi kowa ba, amma jama'a suka karanta hoton a matsayin kallon banza ga ɗan sana'a, kuma a ranar ta sauka daga muƙaminta a cikin manyan 'yan adawa. A zaɓen Ostireliya na 2016 jam'iyyar Liberal ta yi talla da wani mutum cikin kayan aiki yana roƙa mata ƙuri'a, sai aka yi ta yi wa tallar ba'a da sunan fake tradie, ana cewa wannan bai yi kama da wanda ya taɓa shan rana ba. Jam'iyyu suna rububin ƙuri'ar tradie saboda yana da kuɗi, yana da yawa, yana da murya.

Ba kuma zan ce zumuncin nan ya game kowa ba. Ladan da Higgins ya yanka na namiji ne, kuma an yanke shi ne a ƙasar da ta kafa dokar hana baƙi waɗanda ba farar fata ba shigowa tun 1901. 'Yan asalin ƙasar da ke kiwon shanu a gonakin Turawa an daɗe ana biyansu da gari da sukari da ganyen shayi da 'yan kuɗi kaɗan, har Vincent Lingiari ya jagoranci mutanensa Gurindji suka fice daga gonar Wave Hill a 1966. Mata har yanzu 'yan tsiraru ne a wuraren gini, duk da cewa kalmar tradie ta yar da "man" ɗin da ke cikin tradesman. Kuma son da ake yi wa tradie bai hana matasa masu yanka dutsen haɗi na kantar kicin shaƙar ƙurar da ta lalata musu huhu ba. Abin da ya tsayar da wannan ɓarna shi ne matsin lambar likitoci da ƙungiyoyin ƙwadago, wanda ya sa Ostireliya ta haramta irin wannan dutse daga 1 ga Yuli, 2024, ƙasa ta farko da ta yi haka. Waɗannan misalai duk hujjata suke ƙarfafawa. Inda doka da ƙungiya suka tsaya wa mutum, laƙabinsa wasa ne. Inda suka juya masa baya, laƙabi mai daɗi ba ya hana shi tari.

Yanzu mu zo gida, domin akwai igiyar da ta ɗaure mu da wannan labari. Kalmar Turanci guda, bricklayer, ita ta haifi brickie a can, ita ta haifi birkila a nan. Carpenter ya zama kafinta, labourer ya zama lebura, haka fenta da walda da makanike da direba, yawancinsu sun shigo bakinmu ne ta ayyukan gwamnatin mulkin mallaka da layin dogon da ya iso Kano a 1911. Mun karɓi kalmomin, mun lanƙwasa su yadda harshenmu ke so, kamar yadda mutanen Sydney suka yi. Kafin su zo ma muna da namu tsarin: Sarkin Maƙera, Sarkin Magina, Sarkin Fawa, Sarkin Aska, kowace sana'a da shugabanta da ƙa'idarta da hanyar da yaro ke bi ya zama gwani.

To me muka yi da gadon biyu? Mun ɗauki hanyar da ta fi arha, wato hanyar kumbura suna. Mai gyaran janareta Injiniya ne, mai ɗaura dish Injiniya, mai gyaran waya a bakin kasuwa Injiniya. Muna kiransa haka da fara'a, sannan ya faɗi kuɗin aikinsa mu raba uku mu ba shi kashi ɗaya, mu ce sauran sai an ga yadda aikin ya yi. Idan ya zo neman auren 'yarmu sai a fara tambayar asali, a tuno cewa kakansa mahauci ne ko wanzami. Ma'aikatar ƙwadago tana da jarrabawar gwajin sana'a mai matakai, amma mai karatu, tsakaninka da Allah, ka taɓa tambayar wanda ya yi wayarin ɗakin da 'ya'yanka ke kwana ya nuna maka takardarsa? Ba ma tambaya, domin mai takarda zai yi tsada. Idan gobara ta tashi a kasuwa aka ce daga wayar wuta ne, sai mu yi jaje mu koma mu nemo mai arha. Mun ba shi dogon suna don kada mu ba shi cikakken lada, shi kuma ya karɓi sunan ya rama a kan ingancin aiki. Kowa ya cuci kowa, cikin girmamawa.

Mu masu aikin kwamfuta ba mu da bakin yi wa kowa dariya a nan. Duk kalmomin alfarmar sana'armu daga wurin masu aikin hannu muka aro su. Muna kiran kanmu injiniyoyi, babba a cikinmu ya ce shi mai zanen gini ne na manhaja, muna cewa mun "gina" abu alhali ba mu taɓa ɗaga bulo ba. A yawancin ƙasashe babu lasisin da ake nema kafin mutum ya rubuta manhajar da ke riƙe da kuɗin jama'a ko bayanan marasa lafiya. Yaro zai yi kwas na wata uku a intanet ya rubuta babban muƙami a gaban sunansa, ba mai tuhumarsa. Sparky da ke Brisbane, mai sunan wasa, ya bi matakan tantancewa da suka fi na yawancinmu tsauri, kuma idan ya yi ganganci ana iya ƙwace lasisinsa. Da za a auna mu da shi a ma'aunin wanda ke ɗaukar alhakin aikinsa, ba na jin dogon sunanmu zai rinjaya.

Abin da ke cikin hatsari a nan shi ne zaɓin da matasa ke yi. Yaro mai kaifin hannu, wanda tun yana firamare yake kwance rediyo ya mayar, ana tura shi ya yi shekara huɗu ko biyar yana neman kwalin da zai rataya a bango, saboda iyaye suna son a kira shi da wani suna a wurin biki. Wanda ya je kwalejin fasaha kuma ya fito ya tarar ana fifita mai digirin jami'a a kansa a wurin ɗaukar aiki da ƙarin girma. Sannan mu dawo muna kukan cewa ba a samun mai tayil ko mai filasta na kirki sai an ɗauko daga Togo ko Benin. Ba za ka raina sana'a da aljihunka, ka girmama ta da bakinka, sannan ka sa ran hazikan yara su rungume ta ba.

Ba ina kira a fara ce wa kafintocinmu Ɓarɓashi ba ne, ko masu wayarin Tartsatsi. Suna irin wannan ba a shigo da shi a kwantena, a wurin aiki yake tsirowa, kuma masu sana'armu suna da nasu laƙubban da suke jifan juna da su a gareji da bakin gini. Kiran da nake yi ya fi wannan wuya. Ƙungiyoyin masu sana'a su wuce karɓar kuɗin wata-wata da shirya taron saukar Alƙur'ani ko bikin 'ya'yan mambobi, su riƙa tantance wanda ya iya, su kori mai ha'inci, su tsayar da farashi. Hukuma ta sa takardar shaidar sana'a ta zama abin da ake nema kafin a ja wuta a gini. Mu kuma masu ba da aiki mu tambayi takarda, idan an nuna mana mu biya abin da aka yi ciniki a kai, a ranar da aka yi alkawari.

Saboda haka idan bidiyon nan ya sake biyowa ta wayarka, yi dariyarka, domin sunayen suna da ban dariya, masu su ma dariya suke yi. Amma kafin ka wuce zuwa na gaba, ka tuna nawa ka biya Injiniyan da ya gyara maka wuta a makon jiya, da kuma ragowar kuɗinsa da har yanzu yake yi maka waya a kai.